Sunan da Kaltuma Ba Ta Faɗa

In ka shiga Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da hantsi ka bi lungun dukawa, ba sai ka tambayi gidan Kaltuma mai ƙuli ba, hancinka zai kai ka. Shekara arba'in ke nan hayaƙin murhunta yana tashi daga wannan ɗan tsakar gida, har katangar da ke bayan murhun ta yi baƙi ƙirin, aka daina ɓata farar ƙasa wajen shafe ta. Gyaɗa ake soyawa da rairayi a kasko, a murje, a fece, a kai inji, a dawo a zuba a turmi ana juyawa da ruwan zafi har mai ya taso, sannan a mulmula tunkuzar a soya. Mai faɗa da baki ya gama cikin numfashi ɗaya. Mai yi kuwa, sai ka dubi hannuwan Kaltuma: yatsun sun tanƙware, tafin ya yi kanta, har takan ɗauki garwashin da ya faɗo ta mayar murhu ba ta ce uffan ba. Gwiwoyinta ma tun bara suka fara yi mata gardama. In za ta tashi daga kujera 'yar tsugunno sai ta dafa turmi, ta ambaci Allah sau biyu, sannan ta miƙe.

'Yar Dakusa ce, 'yar manoman gero da gyaɗa. Aure ne ya kawo ta Damagaram, gidan wani baduku mai suna Yunusa, mutum mai sanyin hali wanda ya ƙare kwanakinsa a zaure yana ɗinkin jaka da takalmi. Yau shekara goma sha biyu da rasuwarsa, kuma bai bar mata komai ba sai gidan da wata tsohuwar jaka cike da basilla. 'Ya'ya shida ta haifa, huɗu suka rayu. Matan uku suna ɗakunansu, ɗaya a Takieta, biyu a nan cikin gari. Namijin shi ne na fari.

Sunansa Mahamud. Ni na faɗa, don ba ni na haife shi ba. Uwarsa kuwa, tun ranar da aka raɗa masa sunan nan bakinta bai taɓa furta shi ba. Ta taso a gidan da kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce: ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane ana yi masa rawa, ba a cewa ya yi kyau, in ya faɗi kuma ba uwar ce za ta fara rugawa ba. Haka innarta ta yi wa wanta, haka kakarta ta yi, ita ma ba ta ga dalilin da zai sa ta karya tulun da aka miƙo mata ba. Da aka yaye yaron aka kai shi Dakusa wurin kakarsa, can ya zauna har ya isa shiga lakol, wato makarantar boko. Shi ya sa in dole ta kama ta sai ta ce Na-Dakusa. In wani mai irin sunan ya zo sayen mai, shi ma ya rasa sunansa ke nan a gidan, sai dai a ce da shi mai sunan yaro. Mutane suna yaba mata, ana cewa in ana neman mace mai alkunya a Birni a je gidan Kaltuma. Ita ma yabon yana yi mata daɗi, babu amfanin ɓoyewa.

Sau ɗaya ne yabon nan bai yi mata rana ba. A wata shekarar sanƙarau, yaron yana da shekara tara, wuyansa ya ƙage, jikinsa ya yi zafi rau, uban kuma ya tafi Kano sayo kayan aiki. Ta goya shi, ƙato da shi, ƙafafunsa suna dukan ƙwaurinta, ta yi ta ratsa rairayi har gidan likita. A bakin ƙofa akwai majo, wato babban malamin wurin, da ƙaton littafi da bik na rubutu a hannu. Ya ce sunan yaro. Kaltuma ta dubi dama ta dubi hagu, babu idon sani ko ɗaya da zai faɗa mata. Majo ya sake tambaya, ya ɗaga murya, mutanen da ke layi suka fara tsaki. Ita dai tana tsaye, zafin yaron yana ratsa zanenta, harshenta ya yi nauyi. Can sai ta ji wata 'yar murya a bayanta, da ƙyar take fita daga busassun leɓɓa: yaron ne ya faɗi sunansa da kansa, ya haɗa da na ubansa. Majo ya rubuta. Da sauran shan ruwa a gaba, yaro ya tashi, kuma daga shi har ita babu wanda ya sake tada maganar wannan rana.

Ya girma shiru-shiru, ya koyi gyaran kuran, wato wutar lantarki, ya tafi Yamai, daga can aka tura shi Faransa ƙarin sani, daga can kuma aiki ya ja shi wata 'yar ƙasa mai suna Luksambur, wadda ya ce duk tsawonta bai kai daga Damagaram zuwa Magarya ba. Ranar da zai bar gida Kaltuma ba ta raka shi tasha ba, ko zaure ba ta leƙa ba. Ta dai ƙulle ƙuli cikin leda uku ta miƙa wa maƙwabciyarta Salamatu ta kan katanga, ta ce ta ba shi a ce daga ita Salamatun ne. Salamatu mai koko ce, sa'arta, katanga ɗaya ta raba su tun suna amare. Mace ce mai kirki, amma bakinta ba ya ajiya, don haka tun kafin mota ta tashi ya san ƙulin na wane ne.

A can Luksambur ya auri wata 'yar ƙasar, Natali, suka haifi 'ya mace, ya sa mata sunan uwarsa. To shi ma ɗan gidan ne, ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa ba, sai yake ce wa yarinyar Ummi. Ka ji gidan masu kunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗa, ɗa ba ya faɗin sunan 'ya. Sau biyu ya zo gida kafin a haife ta, daga baya al'amura suka rikice, hanya ta yi tsada ta yi wuya. Yarinya ta kai shekara bakwai ba ta taɓa taka rairayin Birni ba.

Abin da ya rage shi ne waya. Ya aiko mata da babba mai hoto, kuma duk Lahadi bayan la'asar yakan kira, in kuran ya ga dama ya bar ta da caji, in rezo, wato layin waya, shi ma ya ga dama. Ɗan da ke gyara wa Turawa wuta, uwarsa tana kwana biyu ba ta ga ƙyallin ƙwan lantarki ba, amma wannan maganar wata rana ce. In fuskarsa ta fito a waya Kaltuma takan kau da kai ta dubi bango, ta tambayi sanyi, ta tambayi iyali, ta ce Allah ya yi albarka, shi ke nan. Yarinyar ce take jira. Jika babu kunya tsakaninta da kaka, a nan ne tsohuwa take sauke duk son da aka hana ta nunawa. Kaltuma ta tara wa takwararta tsokana ta shekara bakwai: za ta ce mata ɓarauniyar suna, za ta ce da wannan siririn hancin wa zai aure ta a Damagaram. Amma Hausar yarinyar ba ta wuce sannu ba, Faransancin Kaltuma kuma bai wuce mersi ba. Ummi takan leƙo, ta ɗaga hannu yadda ake yi wa baƙo, ta sulale ta koma wurin wasanta. Duk Lahadi abin yana ci wa Kaltuma rai, ta ajiye wayar ta koma bakin murhu jikinta a sanyaye.

Ana nan sai Mahamud ya zo da magana. A lakol ɗin su Ummi malamarsu ta ce kowane yaro ya kawo hoton kakarsa ko kakansa mai motsi, tsohon ya gaishe da jikan, ya gabatar da kansa da yaren ƙasar. Ba Faransanci ba, wani yare ne nasu daban da suke ji da shi. Sati uku aka ba su. Ya ce magana biyar ce kacal, Natali za ta faɗa a saƙon murya, shi kuma ya fassara, in Inna za ta iya. Kaltuma ta ce wa bango to, a aiko.

Da farko abin ma dariya ya ba ta. Wai mutum ya gabatar da kansa. A Birni wa yake gabatar da kansa? Kafin ka buɗe baki an san uwarka, an san ubanka, an san wanda ya yi maka aski ranar suna. Rabon da ta faɗi sunanta da bakinta tun ranar da aka yi mata katin ɗan ƙasa. Amma ta danna saƙon, ta kara a kunne. Muryar Natali ta fito a hankali, kamar mai ba yaro magani. Moyen, wato sannu. Esh heeshe Kaltuma, sunana Kaltuma. Esh vunnen tsu Zinder, ina zaune a Zinder, sunan da Turawa ke kiran Damagaram. A nan Kaltuma ta yi tsaki ta ce ita a Damagaram take zaune, amma tunda karatun nasu ne, a bar musu. Esh zin deng Boma, ni ce kakarki. Wannan ta sa an maimaita mata sau uku, don ta yi mata daɗi a kunne.

Sai ta biyar. May yong heesht, wato sunan ɗana, sannan matar nan ta faɗi sunan mijinta gatsau, ko tauna shi ba ta yi ba. Kaltuma ta janye wayar daga kunne. Da ta mayar, sai ta ji muryar ɗanta:

"Ta biyar ɗin, Inna, sunan ɗanki za ki faɗa. In ta yi nauyi a bar ta."

Daga ranar ta koyi inda za ta danna ta tsayar da saƙon kafin ya kai nan.

Huɗun kuwa ta sha wuyarsu. Kan da ya haura sittin rariya ne, ka zuba da safe, kafin azahar ya tsiyaye. Ta jingina wayar da kwalbar mai, tana juya tunkuza tana biyawa, taɓarya tana zagaya turmi tana esh, esh. Salamatu ta leƙo ta kan katanga ta tambaya ko kaji ne suka shiga gyaɗa. Masu sayen mai suka fara tsayawa a zaure suna saurare, kafin kwana uku duk lungu an san Kaltuma ta shiga lakol da furfura. Wani mai faci da ke bakin titi har ya koyi moyen yana jefa mata in ta wuce zuwa inji. Ba ta kula kowa ba. Da yamma bayanta yana ciwo, kafaɗunta suna ciwo, ga shi yanzu har muƙamuƙi ya shiga sahu, don yaren nan ba a yi shi don bakin da ya saba da tuwon gero ba. Ta dai riƙe, saboda Boma ɗin nan.

Lahadin farko ta yi wanka, ta ɗaura sabon kallabi, ta zauna a inuwar ɗaki. Da aka kira ta ce a ba ta takwara. Ta gyara murya ta ce moyen. Yarinyar da ke shirin sulalewa ta tsaya cak. Kaltuma ta faɗi ta biyu, ta faɗi ta uku. Ummi ta matso har hancinta ya cika wayar, tana dariya, tana ƙirgawa da yatsu, haƙoranta biyu na gaba babu. Kaltuma ba ta taɓa ganin wannan giɓin ba sai ranar, don yarinyar ba ta taɓa yi mata dariya ba. Ta faɗi ta huɗu, yarinya ta lanƙwashe yatsa na huɗu, ta bar babban yatsa a tsaye tana jira. Kaltuma ta riga ta shirya dabararta. Ta ce may yong heesht Na-Dakusa.

Dariyar ta ɗauke. Yarinyar ta juya wurin ubanta ta yi magana mai tsawo, shi kuma ya amsa a gajarce, ta sake yin wata. Kaltuma ta tambayi bango abin da aka ce. Mahamud ya ce shirmen yara ne. Ta ce a gaya mata, kada a rage ko kalma.

"Ta ce ba sunan babanta ke nan ba," in ji shi. "Ta ce Bomarta ta nan kullum tana kiran mamanta da suna. Wai in ke kika haife ni, me ya sa ba ki san sunana ba."

Kaltuma ta yi dariya, irin wadda ake yi don kada a ga ciki, ta ce yaran Turai sai su. Da aka kashe waya ta daɗe a zaune da sabon kallabin a kanta.

Salamatu ce ta kawo dabara ta biyu, kuma ita dabarar Salamatu kullum a bakinta ta fi kyau. Ta ce ai abu mai sauƙi ne, tun fil azal haka ake yi: uwa ta yi shiru, na kusa ya faɗa mata. Ita za ta zauna a gefe inda waya ba ta gani, in Kaltuma ta kai gaɓar sai ta cike mata. Lahadi ta biyu suka zauna a tabarma ɗaya. Huɗu suka wuce sumul, har Natali ta tafa daga can. Kaltuma ta ce may yong heesht, ta rufe baki, Salamatu ta saki sunan da muryarta ta tallar koko, wadda ake ji daga lungu uku.

Yarinya ba wawiya ba ce. Ta ga bakin da ya rufe, ta ji muryar da ta fito. Ta yi ta nuni da hannu sai an juya waya, Salamatu kuma da rawar kai ta turo fuskarta tana washe baki. Ummi ta dube ta da kyau, ta ga tsohuwa, ta ga ta san sunan babanta, ta haɗa lissafinta na 'yar shekara bakwai. Ta ɗaga hannu ta ce wa Salamatu, "Moyen, Boma."

Salamatu ta fashe da dariya har da riƙe ciki, sai da ta waiga ta ga fuskar ƙawarta sannan dariyar ta maƙale mata. Can ana ta ƙoƙarin yi wa yarinya bayani, rezo ya yanke. Ba a sake samu ba ranar. Sati biyu Kaltuma tana murɗa harshe don kalmar nan guda, ga ta an miƙa wa mai koko a gabanta. Ta ji haushin Salamatu, ta ji haushin malamar lakol da ba ta taɓa gani ba, ta ji haushin Turawa da yarensu, amma ta san duk kame-kame ne.

Ranar Laraba da tsakar rana Mahamud ya kira, ba hoto, murya kawai. Ya ce yana hutun cin abinci ne a wurin aiki. Ya ce Inna ta daina wahalar da kanta, ya zaunar da Ummi ya yi mata bayani cewa al'ada ce, ba rashin sani ba ne, in ta girma za ta gane. Ranar Litinin za ta kai hoton kakarta ta can, ya wadatar.

"Kada abin ya dame ki, Inna," ya ce. "Ni ai na saba."

Ta ce to. Ta ce Allah ya yi albarka. Ya kashe.

Bai faɗa da fushi ba, da ma da fushin ya faɗa da ya fi mata sauƙi. A gajiye ya faɗa, muryar ƙasa-ƙasa, kuma ta san muryar. Ita ce ta taɓa ji a bayanta a ƙofar likita, shekara talatin da biyu da suka wuce. A duk tsawon shekarun nan ta ɗauka cewa nauyin kunyar ita kaɗai ke ɗauke da shi, ita ce mai haƙuri, ita ce mai danne zuciya, shi yaro ne, ya san ana sonsa ko ba a faɗa ba. Bai taɓa zo mata a rai ba cewa shi ma wani abu yake ɗauke da shi, har ya daɗe da shi ya saba. Ranar ta ƙona kasko guda na gyaɗa, abin da ba ta yi ba tun tana amarya.

Salamatu ta ji ƙauri ta zagayo ta ƙofa, ba ta kan katanga ba, alamar ta zo ban haƙuri ke nan. Ta zauna tana taya ta tsince wadda ba ta ƙone ba. Ta fara da cewa ai 'yan yanzu sun watsar, ga Sakina ma, autar Kaltuma, tana kiran ɗanta na fari da suna a gaban kowa, har ta sumbace shi, kuma sama ba ta faɗo ba. Kaltuma ta ce ita ba 'yar yanzu ba ce. Suka ci gaba da tsinta.

"Ni dai ki gaya mini, Kaltuma," in ji Salamatu, "kunyar nan wa kike yi wa? Innarki ta rasu. Malam maigidanki ya rasu. Surukanki duk sun kwanta dama. A lungun nan ni kaɗai na rage da na san ki da cikinsa, ni kuma na yafe."

Washegari da azahar, lokacin da rana ta kori kowa daga lungu, ta shiga ɗaki ta saki labule ta zauna a bakin gado. Ta ce bari ta gwada, ita da Allahnta. Ta fara da Hausa, ta ce sunan ɗana, leɓɓanta suka haɗu don harafin farko, suka ƙi rabuwa. Ta ji kamar innarta tana tsaye a bakin ƙofa. Ko a addu'a ba ta taɓa faɗa ba, yaron nan take cewa, tana da yaƙinin Allah ya san wanda take nufi. Ta sake gwadawa ranar Juma'a, ta sake ranar Asabar. Abin da ta lura da shi kawai shi ne in ta faro daga moyen ta biyo su a jere, bakinta yakan yi ɗumi, ta zo gaɓar da ɗan gudu kamar mai shirin tsallake kwata. Sau biyu tana zuwa bakin kwatar tana tsayawa.

Lahadi ta uku aka wayi gari babu kuran, waya kuma saura ƙiris ta mutu. Ta yafa mayafi ta taka har bakin kasuwa wurin mai cajin sola, rairayi yana cin ƙafarta, gwiwoyi suna ƙara, tana hutawa a inuwar kowace katanga. Ta zauna a benci ta jira, ta dawo bayan azahar a jigace. Ba ta yi wanka ba, ba ta canza kallabi ba. Akwai masu jiran mai ranar Litinin, don haka ta hura wuta ta ɗora kasko, ta zuba gyaɗa, tana cikin juyawa waya ta yi ƙara.

Ta shiga ɗaki da ita. Su biyu ne a hoton, uba da 'ya, yarinyar tana zaune a cinyarsa tana wasa da igiyar rigarta, da gani an zaunar da ita ne. Ya fara gaisuwa, Kaltuma ta katse shi, ta ce a gaya wa Natali ta ɗauki hoton mai motsi. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta bar bango ta dubi wayar sosai. Ashe akwai furfura a gemunsa. Ashe idanunsa sun faɗa irin na ubansa. Babu wanda ya gaya mata ɗanta ya fara tsufa, ita kuma ba ta duba ba balle ta gani.

Ta ce moyen. Ta ce esh heeshe Kaltuma. Ta ce esh vunnen tsu Zinder. Yarinyar ta ɗago kai, amma ba ta ƙirga da yatsu ba wannan karon. Ta ce esh zin deng Boma. Ba ta tsaya jan numfashi ba, don ta san in ta tsaya shi ke nan.

"May yong heesht Mahamud."

Sunan ya fito a shaƙe, baƙo a bakin da ya fi kowa haƙƙi da shi. Kafin yarinyar ta ce komai, mutumin mai furfura a gemu ya amsa, a hankali, yadda ɗa yake amsawa in an kira shi daga tsakar gida:

"Na'am, Inna."

Kaltuma ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Ba kiranka na yi ba," ta ce. "Karatu nake biyawa."

"Na sani," in ji shi.

Ya sauke yarinyar daga cinyarsa, ya miƙe, ya fita daga hoton. Ta ji an buɗe wata ƙofa an rufe. Ummi ta bi shi da kallo, sannan ta juyo, ta matso har giɓin nan ya cika wayar, ta ce moyen, Boma. Daga nan ta ɓarke da zance, tana nuna haƙoranta, tana nuna wata 'yar tsana, tana tambaya tana ba kanta amsa, kuma mai fassara ba ya nan. Kaltuma ta goge ido da bakin mayafi, ta ce mata ɓarauniyar suna, ta ce da wannan siririn hancin sai dai a yi mata miji a can. Babu wadda ta ji abin da 'yar'uwarta take faɗa. Daga tsakar gida ƙaurin gyaɗa ya fara shigowa ta ƙarƙashin labule, ta ji Salamatu tana ƙwala mata kira ta kan katanga cewa kasko yana ƙonewa. Ta gyara zama a bakin gado, ta bar shi ya ƙone.